Naɗin da Bai Kai Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma komawarmu take. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke gidanmu na Upper Marlboro, wani gari kusa da Washington. Ni ce na rufe masa ido. Na ɗaga hannu na duba agogo, na faɗi lokacin a fili kamar yadda muke yi a asibiti, sannan na tuna ba a wurin aiki nake ba, babu wanda zai rubuta.

Kwana uku gidan yana cike. Takalma tun daga bakin ƙofa har kan ciyawa. Mutanenmu na unguwar Landover sun zo mota-mota, ɗaliban jami’ar College Park suka kwashe kujerun falo suka shimfiɗa darduma, mata suka yi ta shigowa da kulolin shinkafa da masa. Wata abokiyar aikina, nas ce ’yar Filato, ta ɗauki hutu ta tsaya a kicin kwana biyu tana wanke-wanke. Ita ta fi kowa kuka. Ni kuwa ina ta miƙa ruwa, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Bakina ne yake amsawa. Na lura famfon kicin yana ɗiga, na yi ta tunanin wa zan kira ya gyara.

Liman ya ce a shekara goma sha biyu bai taɓa riga Baba shiga masallaci ranar Juma’a ba. Wani ɗan kasuwa ya ba da labarin yadda Baba ya sasanta shi da ƙaninsa bayan sun yi shekara uku ba sa ga maciji. Ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo, ta bugo kiran bidiyo daga Zariya, ta yi kuka ta share ido, sannan ta matso da fuskarta kusa da wayar ta rage murya.

“Ya dai daina abin nan kafin ya tafi?”

Maigidana ya ce, “Gwaggo, a yi masa addu’a kawai.”

Wani likita abokin gidanmu ya tare ni a baranda ya ce, “Huhu ne?” Na ce masa a’a, shanyewar ɓarin jiki ce, karo na biyu. Ya ce, “To, amma dai kin san abin da ke jawo ta.” Na ce na sani.

A kwana ukun nan babu wanda ya buɗe baki ya ce taba. Mutumin da suka yi ta siffantawa mutumin kirki ne, duk abin da suka faɗa kuma gaskiya ne, amma rabinsa suka faɗa. Ni nas ce, a sashen masu ciwon numfashi nake aiki, na ga abin da hayaƙi yake yi wa ƙirjin mutum, ba zan taɓa ce wa kowa ya sha ba. Sai dai idan aka cire ganyen taba daga labarin Baba, jikokinsa za su taso da labarin wani dattijo daban. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Shekara talatin ya yi yana tantance ganyen taba a wani kamfani da ke saye daga hannun manoman ƙasar Zazzau. Manomi ya kawo damminsa, Baba ya zare ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya faɗi matakinsa. Bayan rasuwar matarsa maigidana ya ɗauko shi ya kawo shi nan, lokacin muna haya a hawa na uku a Landover. Shekarar farko a bakin taga ya yi ta. Ya ga motoci sun fita, ya ga sun dawo. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai: in durƙusa in ce, “Baba, kun tashi lafiya?” ya amsa yana kallon gefe. Sunana bai taɓa shiga bakinsa ba, ’yar nan yake ce mini. Maigidana kuwa, da yake ɗan fari ne, sai dai ya ce injiniya.

Abu ɗaya na lura da shi tun a lokacin. Yatsunsa ba sa zama. Labule, takardar wasiƙa, gefen tabarmar salla, duk sai ya sa tsakanin babban yatsa da manuni ya murza. Idan muka je kanti sai ya tsaya a wurin kayan miya yana murza ganyen alayyafo ɗaya bayan ɗaya, maigidana yana waige-waige don kunya.

Da muka sayi gida muka koma Upper Marlboro sai ya fara yawon ƙafa bayan azahar. Yankin a da ƙasar taba ce. Har yanzu in ka bi ƙananan hanyoyi za ka ga dogayen ɗakunan katako da aka shanya ganye a cikinsu, sun karkace, babu kowa. Wata rana ya dawo, ya cire hularsa, ya fito da ganye ɗaya ruwan ƙasa daga cikinta, ya shimfiɗa shi a kan teburin cin abinci yana lallashe shi da tafin hannu.

Maigidana ya ce, “Baba, a ina kuka samo wannan?”

“Akwai wani tsoho can bayan cocin nan, baƙar fata. Maƙwabtansa duk sun daina, shi kaɗai ya rage da ’yar gona. Ya iya shanya. Amma ya yi saurin saukewa.”

“Baba, don Allah. A ƙasar nan ba a son abin nan. Mutanenmu ma ba sa so.”

“Ai ban ce a so shi ba. Cewa na yi ya yi saurin saukewa.”

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa tun zuwansa.

Suka ƙulla abota da manomin nan. Baba yana da Turancinsa na kamfani, tsoho mai sitaci, manomin yana da nasa mai jan baki, amma suna fahimtar juna. Shi ne ya ɗauki Baba a tsohuwar motarsa ta kaya ya kai shi wani shago a cikin Washington, inda wani dattijo yake zama a bayan gilashi yana naɗa taba da hannu, irin wadda ganye ne zalla ciki da waje, ba takarda. Sau uku suka je. Baba bai tambayi mutumin komai ba, tsayuwa kawai yake yana kallon hannunsa. Bayan zuwa na uku ya share kusurwar garejinmu, ya kafa tebur, ya samo guntun katako da ’yar wuƙa mai lanƙwasa. Masu shago suna da sunan da suke kiran irin wannan taba da Turanci. Shi naɗi yake ce mata.

Ban taɓa shiga na zauna ba a shekarun farko, amma hanyar injin wanki ta garejin take, don haka na gani. Ganye uku yake haɗawa a ciki, ya naɗe kowanne kamar bututu don iska ta samu hanya. Wannan shi ne ciko. Ya kawo ganye mai ƙarfi ya ɗaure su, wannan ɗamara. Ya jera su a katako mai ramuka ya danne da bulo, su kwana. Washegari sai ya sa musu riga, wato ganye mafi laushi da sheƙi, wanda yake saye daga shagon nan don na manomin bai da kyan fuska. Ya cire jijiyar, ya yanka shi kamar jinjirin wata, ya ja shi a hankali ya murɗa tun daga ƙasa har sama. A ƙarshe ya yanko ɗan da’ira ya liƙa a kai da ruwan ƙaro, ya ce ya sa mata hula. Ƙaron daga gida ake aiko masa, bai yarda da gam ɗin nan ƙasar ba.

Duk naɗinsa ƙanana ne, tsawon ɗan yatsa, kaurin ƙaramin yatsa. Manomin ya sha yi masa tsiya a kan haka, ya ce mutum ya sha wannan wahala a kan abin da zai ƙare cikin minti ashirin. Na ji amsar da ya ba shi wata rana ina shanya.

“Babba kowa yana iyawa. In ka yi kuskure a babba, akwai wurin da zai ɓuya. Wannan kuwa ganye ɗaya ya karkace, ta toshe. Ka cika hannu, ta ƙi ja. Ka sassauta, ta ƙone da zafi ta yi ɗaci. Ba ta rufa wa kowa asiri.”

Guda ɗaya yake sha a mako, ranar Asabar bayan la’asar, a can ƙarshen filin bayan gidanmu kusa da shinge. Ba ya haɗiye hayaƙin, a baki yake juya shi ya fitar. In ya gama ya wanke baki, ya yi asuwaki, ya canza riga, ya rataye wadda ya cire a waje. Da azumi ko ganyen ba ya taɓawa. A masallaci kullum ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da bango, duk da shi ne farkon zuwa. Wani malami ya taɓa tsare shi da wa’azi a wurin suna, a gaban mutane. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce, “Allah ya saka da alheri, Malam. Na ji.” Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma daina gaishe shi ba. Bai taɓa ba wani yaro ko ɗalibi ba. Manomin kaɗai yake ba.

Rigimarmu a kan babbar ’yata ce. Tana da shekara biyar, wata rana da yamma ta dawo daga wasa tana tari, kafin in ɗauko ruwa numfashinta ya fara fito, leɓenta ya sauya launi. Na sha ganin haka a kan ’ya’yan wasu, ban taɓa gani a kan tawa ba sai ran nan. Muka kwana biyu a asibiti. Aka ce asma ce.

Ranar da muka dawo Baba ya tafi gona. Na ajiye yarinyar, na wuce gareji kai tsaye. A lokacin yana da ganyen shekara guda da ya tara ya danne a cikin akwati, yana juya shi duk bayan kwana goma, wai yana gumi. Na kwashe shi duka. Na haɗa da katakon, da wuƙar, da naɗaɗɗun da ya jera, na cusa a baƙaƙen ledoji na kai bakin titi. Ranar kwasar shara ce. Ina tsaye motar ta zo ta haɗiye su.

Da ya dawo na ji ƙarar ƙofar gareji. Ya shigo falo, ya tarar da yarinyar a kwance a kan kujera, ya durƙusa ya dafa goshinta ya yi mata addu’a. Ta ce masa da Turanci ta ji sauƙi, ya gyaɗa kai. Sai ya miƙe ya fuskanci bango, ba ni ba.

“’Yar nan, kin yi abin da uwa za ta yi.”

Ya gyara zaman hularsa, ya ƙara da cewa:

“Amma da kin faɗa mini, da na kwashe da hannuna.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ci tuwon da na kai masa, ya amsa gaisuwata da safe. Bayan kwana biyu maigidana ya tarar ya haɗa jakarsa, ya ce a nema masa jirgi ya koma gida, tun da zamansa ya fara cutar da yara. Sai da maigidana ya durƙusa ya riƙe ƙafarsa sannan ya haƙura. Ya mayar da aikinsa wata rumfa a gonar abokinsa, tafiyar minti arba’in a ƙafa, ga sanyi ga zafi. Daga baya likitan yara ya sa aka duba gidan, aka samu danshi ya ruɓar da ƙarƙashin kafet ɗin ɗakin yara. Ko shi ne ya tayar mata da ciwon, ko ganyen ne, ko duka biyun, har yau ban sani ba. Ban ba shi haƙuri ba. Na yi ta shirya kalmomin a raina, in na durƙusa gabansa sai su ƙi fita.

Shekara uku muka yi a haka.

Sai shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe garin nan har aka kulle makarantu da ofisoshin gwamnati. A makon ne mahaifina ya rasu a Katsina. Ina da tsohon ciki, jirage ba sa tashi, maigidana kuma aiki ya kai shi wata jiha ya maƙale a can. Aka yi jana’iza ina jin hayaniyarta ta waya, katin ya ƙare ana tsakiyar salla. Na zauna a ƙasan kicin da wayar a hannu.

Baba ya fita da shebur. Dattijo mai shekara saba’in da ɗoriya, ya haƙa hanya tun daga ƙofarmu har titi, don in wani ya iya zuwa gaisuwa ya samu wurin taka ƙafa. Ya dawo ya shimfiɗa buzunsa a falo ya zauna, ya ce shi zai karɓi gaisuwar. Mutum huɗu ne kawai suka iya zuwa a kwana ukun. Duk wanda ya shigo ya ce masa, “Ashe surukarka ta yi rashi,” sai ya ce, “Ɗiyata ce ta yi rashi.” Da safe na ji motsi a kicin, na leƙa na same shi yana dama koko. Ya yi gudaji, ya yi tsami, bai sa sukari ba. Ya ajiye mini a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya tafi. Na shanye shi tas. Tun daga ranar bai ƙara ce mini ’yar nan ba.

Da bazara ta shigo, bayan na haihu na yi arba’in, na buɗe ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gida, nesa da tagogin yara. Na fitar da injin yankan ciyawa da tsofaffin kekuna, na share, na sa tebur da kujera. Na aika aka sayo wuƙa irin wadda na zubar. Na ajiye makullin a kan tiren abincinsa, kusa da cokali. Da na je ɗaukar kwanuka makullin ba ya nan. Ba mu taɓa yin maganar ba.

A ɗakin nan ya yi naɗinsa mafi kyau, in ji manomin. A nan ne kuma ya ƙera akwatin kwanciya, da wani jan katako mai ƙamshi, da ɗan soso a cikin murfin kwalba wanda yake jiƙawa da ruwa. Ya ce naɗi sabo ba abin sha ba ne. Ganye ukun da ke ciki baƙin juna ne, kowa yana ta tasa maganar, sai sun kwanta tare a duhu wata shida, shekara, wani lokaci fiye, kafin bakinsu ya zo ɗaya. In danshi ya yi yawa su yi fumfuna, in ya yi kaɗan rigar ta tsage. Kowane ɗauri yana ɗaure shi da zare, ya rataya masa ’yar takarda da rubutun ajami.

Shanyewar farko ta same shi shekara biyu kafin rasuwarsa. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo da ɗan nauyi, hannun hagu ya rage ƙarfi. Na ce masa maganar sha ta ƙare, a wannan karon a gabansa na faɗa, ido da ido. Ya ce to. Bai ƙara kunnawa ba. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne hancinsa ya tafi. Ni na gane, ranar da miya ta kama a tukunya, hayaƙi ya cika gida, yana zaune a falo bai ko ɗaga kai ba.

Wata Asabar ya aiko a kira ni ɗakin ajiyar. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Akwatin yana buɗe a gabansa, ya zaro guda ɗaya yana juya ta a kusa da kunnensa.

“Ɗiyata, zan roƙe ki abin da ba kya so.”

“Baba, ku faɗa.”

“Hannuna yana gaya mini danshinta daidai ne. Kunnena ma haka. Amma ban san ko ta kai ba. Ba sha za ki yi ba. Shinshinawa kawai.”

Na karɓa da yatsa biyu kamar na ɗauki allurar da aka yi amfani da ita. Na kai hanci.

“Me kika ji?”

“Taba.”

Ya yi dariya, rabin bakinsa ne kawai ya motsa. “Wannan kowa ya ji. Juya ta, ki shinshina ta ƙasa inda aka yanke. Kar ki ja da ƙarfi. Me ya fara zuwa?”

Na rufe ido. “Zarni,” na ce, ina jin kunya. “Kamar bayan gida.”

“Madalla! To ba ta kai ba. Wannan zarnin shi ne ganyen yake fitarwa. Mayar da ita. Ɗauko ta ɗaurin can.”

Ta biyun daban take. Na daɗe kafin in samu kalma. Na ce kamar gyaɗar da aka soya a yashi. Ya ce sai me. Na ce kamar sabuwar jakar fata. Ya ce sai me. Na ce akwai wani abu can ƙasa mai ɗan yaji, ba barkono ba, masoro. Ya jingina da kujera ya rufe ido, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron labarin gida.

“In da za a kunna ta,” ya ce, “farkonta masoron nan ne zai fara cizon harshe. A tsakiya ya lafa, gyaɗar ta fito. Ƙarshenta kuma kin san yadda goro yake, in kin ci kin sha ruwa, ɗacin ya juye ya zama zaƙi? Haka. Tokar kuma fara, ba ta faɗuwa sai an girgiza.”

Haka muka yi kusan shekara biyu, duk Asabar ɗin da ba ni da aiki. Ni in shinshina in faɗa, shi ya yanke hukunci. Na koyi bambance ƙamshin dabino da na zuma, na ƙanzo da na toyayyen gero, na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Waɗanda suka kai sai ya ba manomin, ya zauna yana kallonsa yana sha, yana tambayarsa me ya ji. Maigidana ya san inda nake zuwa. Bai hana ba, bai tambaya ba, ƙafarsa kuma ba ta taɓa taka ɗakin ba. In na dawo nakan wanke hannu har gwiwa kafin in taɓa yara, washegari in tafi asibiti in yi wa marasa lafiya faɗa a kan taba, kuma da gaske nake yi.

Ɗaurin ƙarshe guda tara ne. Da ƙyar ya naɗa su, hannun hagu yana zamewa, wata ɗaya ya kwashe a kan abin da a da yake yi a yini biyu. Ya ce su ne ya fi sa wa rai, don cikon daga ganyen ƙarshe ne da manomin ya noma kafin shi ma ya ajiye.

Shanyewa ta biyu ta kwantar da shi gaba ɗaya. Aka sallamo shi daga asibiti don babu sauran abin yi, na ɗauki hutu na zauna da shi. Ana saura kwana huɗu ya rasu, da rana tsaka, ya yi mini alama da ido wajen taga. Na gane. Na je na ɗauko guda ɗaya daga taran na kawo masa a cikin hankici. Na shinshina. Zarnin yana nan, ya ragu amma yana nan.

Na dubi yadda numfashinsa yake, na san lissafin da ke gabanmu. Na ce, “Baba, ta kai. Gyaɗa, da dabino. Ta yi kyau ƙwarai.”

Ya buɗe tafin hannunsa na dama, na sa masa. Ya murza ta a hankali, ya matsa tsakiyarta, ya daɗe. Sannan ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini kai tsaye ba a shekara goma sha biyu.

“Ke ma kin san ba ta kai ba.”

Na sunkuyar da kai.

“Ba komai. Mayar da ita cikin ’yan’uwanta. A bar su sai bayan babbar salla.” Ya huta, ya ƙara da cewa, “Soson. Kar ya bushe.”

Wata biyar ne tsakanin ranar da babbar salla. Bayan an watse daga zaman makoki na koma aiki. Ina tashi, ina kai yara makaranta, ina ba marasa lafiya magani, ina dawowa. Abinci ba ya mini ɗanɗano, amma ina ci. Duk Juma’a in je ɗakin ajiyar in ɗaga murfin akwatin kaɗan, in ɗiga wa soson ruwa ba tare da na duba ciki ba, in rufe. Manomin ma ’yarsa ta zo ta ɗauke shi ta tafi da shi wata jiha a kudu. Sau ɗaya maigidana ya ce ya kamata a kwashe kayan ɗakin nan. Na ce ba yanzu ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Kwana biyu bayan salla, da la’asar, na buɗe akwatin. Na kwance zaren, na zaro guda ɗaya. Rigarta ta yi duhu, ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai, in ka matsa ta ɗan lotsa ta dawo. Na juya ta na shinshina ta ƙasa. Babu zarni ko kaɗan. Dabino ne ya fara zuwa, sai gyaɗa, sai wani abu kamar kanumfari wanda ban taɓa ji a naɗinsa ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tsaya. Na zauna a kujerar da ita a hannu, ban san tsawon lokacin ba. Ina jin yara suna gardama da Turanci a cikin gida, ina jin maƙwabci yana yankan ciyawa.

Inuwa ta rufe ƙofar. Maigidana ne, har yanzu da ƙamshin suyar naman layya a rigarsa. Ya tsaya daga waje, ya dubi teburin, da wuƙar, da bulon, ya dubi abin da ke hannuna. Ya yi gyaran murya sau biyu.

“Ta kai?”

“Ta kai,” na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo hannu daga inda yake, na sa masa. Bai san yadda ake riƙewa ba. Ya kai ta hanci ta wajen hular, na ce masa ya juya ta. Ya juya, ya shaƙa.

“Ni taba kawai nake ji,” ya ce.

Na tashi na jawo masa kujerar.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya tarar da sauƙi irin wanda ya yi mana. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau.